Man Ud: Kada A Yanke Masa Hukunci A Bakin Kwalba

Tambaya: An kawo mini tsarabar man ud daga Umara, an ce na asali ne. Da na buɗe sai na ji kamar warin turken awaki. An cuci wanda ya sayo ne? (Daga Jekadafari, Gombe)

Malam, da wuya. Alama ta nuna ɗan Indiya aka kawo maka, wanda masu turare ke kira Hindi, kuma haka yake soma tashi. Ud daga bishiyar Aquilaria ake samunsa, a Assam ta Indiya, Silhet ta Bangaladesh, Kambodiya, Biyetnam, Maleshiya da Indunusiya. Lafiyayyar bishiya ba ta da ƙamshi. Sai ta ji rauni, funfuna ta shige ta, sannan take fitar da wani baƙin ƙaro don kare kanta, shi ne ke jiƙa zuciyar iccen. Wannan iccen ake niƙawa, a jiƙa shi cikin ruwa na kwanaki ko makonni, a dafa a hankali, a tattara man da ya biyo turiri. Idan jiƙon ya daɗe sai ya yi tsami, daga nan warin da ka ji ya samo asali.

Ka daina shinshinar bakin kwalba. Wanke hannu da ruwa zalla, ka shafa abin da tsinken gilashin ya ɗauko sau ɗaya a bayan hannu, ka baza shi da yatsa ba tare da murzawa ba. Bar shi minti 20 zuwa 30. Warin zai kwanta, sai ƙamshin jemammiyar fata da hayaƙi su fito, can bayan awanni kuma ka ji icce mai ɗan zaƙi ya lafe a jiki. A zafin Maris da Afrilu yana saurin buɗewa, har ya cika masallaci idan ka yawaita. Da hunturu busasshiyar fata kan shanye shi, don haka ka fara shafa mai marar ƙamshi. In har ka gwada sau uku bai kwanta maka ba, nemi Kambodi, ɗan Kambodiya, ya fi laushi da zaƙi tun daga farko.

Tambaya: Ina haɗa lefen ƙanena. Mai shago ya ba ni tola guda na "ud zalla" a kuɗin turaren fesawa. In saya? (Daga Pantami)

Hajiya, saya idan ƙamshin ya yi miki, amma ba da sunan zalla ba. Tola giram 11.66 ne, kusan mililita 12, kuma sai an dafa icce kilo-kilo kafin a tara ta. Ga shi tun 2005 yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin tsirrai da namun dajin da ake tsoron ƙarewarsu, ta sa duk dangin Aquilaria cikin bishiyoyin da ba a fitar da su ƙetare sai da takardar izini. Abin da ya bi wannan hanya ba ya araha.

Algus ɗin da aka fi yi shi ne sirki da farafin, man girki, ko sinadarin DPG marar ƙamshi, wani kuma haɗin masana'anta ne gaba ɗaya. Ki ce ya shafa miki, ki tafi harkokinki. Na haɗi yadda ya tashi da safe haka za ki same shi da la'asar, ba ya sauyawa. Ɗiga kaɗan a farar takarda kuma: idan bayan kwana biyu maiƙo ya bazu ya sa takardar ta zama shara-shara, akwai sirkin mai. Sai dai wannan gwaji ba ya kama kowane algus, kuma baƙi ko kauri ba shaida ba ne, ana iya ƙirƙirarsu. Fara da rubu'in tola, mililita 3, ki tambayi ƙasar da ya fito. Mai kaya na gaskiya ba zai yi kame-kame ba.

Tambaya: Zan iya shafa shi a farar shadda? (Daga Tudun Wada)

A'a, Alhaji, yana barin tabo mai wuyar fita. A fata ko gemu ake sa shi, tufa kuma a turara ta da iccen a kasko. Kwalbar ta zama ta gilashi, a rufe ta ruf, a ajiye cikin durowa, ban da aljihun mota.