Amsa: Wa ya fi kowa a badminton na 'yan bibbiyu?

Ɗan'uwa, ka tambaya wa za a ce gwani a wasan maza bibbiyu, kuma me ya sa suke daɗewa ana damawa da su. Ni dai Hendra Setiawan na Indonesiya zan ba ka.

A 2008 shi da Markis Kido suka ci zinare a Olamfik ta Beijin, a gaban 'yan China, bayan Cai Yun da Fu Haifeng na China sun lallasa su 21-12 a zagayen farko na wasan ƙarshe. Kambun duniya kuwa huɗu gare shi: 2007 da Kido, sai 2013, 2015 da 2019 tare da Mohammad Ahsan. Na ƙarshen nan a birnin Basel na Switzerland ya ɗauke shi, ranar da ya cika shekara 35 cif. Kido kam Allah ya yi masa rasuwa a 2021.

Batun daɗewa, ka lura da inda yake tsayawa. Gaban raga ne wurinsa. Ba ya yawan tsalle, sai dai ya karanci hannun abokin hamayya, ya tare ƙwallon tun kafin ta sauko, ya ɗan gutsura ta da wuyan hannu har a tilasta ɗaga ta sama. Daga nan Ahsan ya sauke duka daga baya. Shi ya sa 'yan bibbiyu ke daɗewa, don raba aiki suke yi; mai wasan ɗaiɗai kuwa shi kaɗai ke zaga fili, gwiwa ba ta jure haka.

Wasu za su ce Lee Yong-dae na Koriya ta Kudu ko Kevin Sukamuljo na Indonesiya. Kevin ya fi ƙayatarwa, ban musa ba, amma bai taɓa cin kambun duniya ba. Hendra sai Janairun 2025 ya ajiye raket, yana da shekara 40.