Na gyara farashin canji, takardar ta ƙi gyaruwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Da Yuro muke ajiye lissafin kamfaninmu. Na shigar da takardar neman biyan dala 1,000 a manhajar lissafi, sai ta ba ni Yuro 1,250 maimakon 800. Na koma jadawalin canji na gyara farashin, amma takardar tana nan yadda take. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Alƙaluman da ka kawo sun isa shaida: farashin ka juya. Manhajar ta tambaye ka dala ɗaya Yuro nawa ce, wato 0.80, kai kuma ka ba ta amsar Yuro ɗaya dala nawa ce, wato 1.25. Kullum ka karanta abin da ke gefen gurbin kafin ka rubuta, ko 1 USD (dala) ne a farko ko 1 EUR (Yuro), domin manhajoji ba su da tsari ɗaya a kan wannan.

Batun ƙin gyaruwa kuwa ba lalacewa ba ce. Yawancin manhajoji sukan ɗauki farashi daga jadawali a lokacin da aka adana takarda, su liƙa mata shi. Gyaran da ka yi zai shafi takardun gaba ne kawai. Buɗe takardar kanta ka sauya farashin a cikinta. In ta ƙi, to ko an haɗa ta da biya, sai ka warware haɗin tukuna, ko kuma an rufe lissafin watan. In an rufe, kada ka buɗe shi kai kaɗai. Ka sanar da babban akanta, a soke takardar da wata mai kishiyarta a sake rubutawa.

Duba ranar ma. Ƙa'idar lissafi ta ƙasa da ƙasa kan canjin kuɗin waje, wato IAS 21, ta ce farashin ranar da aka yi cinikin ake amfani da shi, ba na ranar da ka zauna shigarwa ba. Kwamfuta mai tsarin Amurka kuma takan karanta 03/04 a matsayin 4 ga Maris, mai tsarin Jamus ko Faransa kuwa waƙafi take jira a inda ka sa ɗigo a cikin farashi, wato 0,80 maimakon 0.80.

Abin da na fi so ka riƙe yana gaba, ranar da kuɗin za su shigo. A ce dala ta kai 0.82 a ranar: za ka karɓi Yuro 820 a kan bashin 800. Na sha ganin masu lissafi suna murɗa farashi don su ɓatar da wannan 20 ɗin, abin yana damuna ƙwarai. Ba kuskure ba ne, ribar canji ce ta gaskiya, kuma tana da asusunta na riba da asarar canji. Ka tabbata an nuna wa manhajar wannan asusun a saiti, sannan ka bar ta ta kai bambancin can da kanta.