Amsa ga Kawu kan bikin wata na Sinawa

Kawu, barkanku da war haka. Kun ga hoton yarana riƙe da fitilu, kuka tambaya ko mun fara bin Sinawa wajen bautar wata. Allah ya kiyaye. Ga yadda abin yake a nan birnin Guangzhou na ƙasar Sin.

Suna kiran bikin Zhongqiu, ana yin sa ran 15 ga wata na 8 a kalandarsu ta gargajiya, cikin Satumba ko farkon Oktoba, daren da farin wata ya cika. Tun 2008 ya zama ranar hutu a ƙasar. A wurinsu cikar wata alama ce ta cikar iyali, shi ya sa duk mai hali yake komawa gaban iyayensa a ci abincin dare tare.

Tatsuniyar da suke ba yara ita ce, wai a zamanin da rana 10 suka fito lokaci guda, ƙasa ta ƙone. Wani maharbi, Hou Yi, ya harbo 9, aka saka masa da maganin hana mutuwa. Matarsa Chang'e ta shanye shi, wasu sun ce don kada wani mugun yaronsa ya ƙwace, sai ta tashi sama har cikin wata. Tana can ita da wani zomo mai dakan magani a turmi, mijin kuwa ya rage yana kallonta daga ƙasa. Sunanta ma suka sa wa kumbon da suka saukar a bayan wata a 2019. Duk sanda na ji labarin nakan tuna Inna tana mana gatanan gatananku a tsakar gida.

Akwai tsofaffin da har yanzu suke ajiye 'ya'yan itace da turare a gaban wata. Wannan ba ma kusantarsa. Abin da ya shafe mu shi ne kyautar kek ɗin wata, mai zagaye, da ƙullin 'ya'yan bado da gwaiduwar ƙwan agwagwa a ciki. Abokin ciniki zai kawo maka kwali guda, mayar masa da shi cin fuska ne. Sai mu karɓa mu yi godiya, amma da yake wasu da man alade ake yin su, ba ma ci sai mun ga tambarin halal. Wanda za mu ci ko mu bayar, wajen Hui, wata ƙabilar Musulmi ta ƙasar nan, muke saye.

Fitilun kuwa, a makaranta aka ba yaran. Mukan fita da su bakin kogi bayan Isha'i, su yi wasa da 'ya'yan maƙwabta.