Malamin Yahudawa da ya rubuta littafi sukutum a kan gulma

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji an ce akwai wani malamin Yahudawa da ya rubuta littafi guda a kan gulma kaɗai. Wane ne shi, kuma me ya ce?

Amsa: Wa alaikumus salam. Sunansa Yisra'el Meir Kagan, haifaffen garin Zhetl a 1838, cikin Belarus ta yau, lokacin tana hannun Rasha. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 10. Ya yi karatu a birnin Vilna, cikin Lithuania ta yau, ya yi aure, ya zauna a ƙaramin garin Radin, inda ya rasu a 1933. Bai so ya ci abinci da malanta ba. Matarsa ce ke riƙe da ɗan kanti, shi kuma yana duba lissafi da ma'auni don kada a tauye wa mai saye ko ƙwaya.

Littafin ya fito a 1873, babu sunansa a bango. Ya kira shi Hafes Hayim, wato "mai son rayuwa", daga Zabura ta 34, inda aka ce mai son rai ya kame harshensa daga mugunta. Da wannan suna aka san malamin kansa har gobe.

Abin da ya sa nake ganin girman aikin, bai tsaya kan nasiha ba, hukunce-hukunce ya tsara dalla-dalla. Ya raba maganar uku. Akwai lashon hara, faɗin aibin mutum ko da gaskiya ne. Akwai rekilut, annamimanci, ka je ka ce wa mutum "wane ya ce kaza a kanka". Sai ƙazafi, wanda ya fi muni. Har da abin da malamansu ke kira ƙurar gulma: ka yabi mutum a gaban maƙiyinsa, ka san zai buɗe baki ya yi suka, ko ka ce "gara kar in faɗi abin da wane ya yi". Mai sauraro ma bai tsira ba. An hana shi gaskata labarin, an dai yarda ya yi taka-tsantsan.

To, in ana binciken aure ko haɗa jari fa? Ya halatta a faɗi aibi don kare wani, amma da sharuɗɗa. Kan wanda ya cuci wani, ya kawo guda 7: ka gani da idonka, ka tabbatar laifi ne a shari'a, ka fara yi wa mai laifin nasiha a hankali, kada ka ƙara gishiri, niyyarka gyara ce ba huce haushi ba, babu wata hanyar sai magana, kuma cutar da za ta same shi kar ta wuce wadda kotun addini za ta yanke masa. Wurin niyya aka fi zamewa, don mai jin haushi ba ya rasa ganin maganarsa a matsayin gyara.

Ya kuma rubuta Mishna Berura, juzu'i 6, daga 1884 zuwa 1907, sharhin hukuncin addu'o'i da Asabar da idodi, wanda masu riƙo da al'ada ke komawa gare shi har yau. Ya yi imani Almasihun da suke jira ya kusa zuwa, shi ya sa ya matsa wa ɗalibai su karanci hukuncin hadayar Haikali, babban ɗakin ibadarsu na dā a Kudus da suke sa ran za a sake ginawa in ya zo, don a same su a shirye.