Atisaye bayan kakar gasa ta ƙare

Ɗan uwa ka ce ka gama gasarka ta ƙarshe a bana ta iyo da keke da gudu, wata huɗu ba ka da wata gasar, kuma kana tsoron in ka zauna ƙarfin da ka tara zai zube. To ni dai bari in faɗa maka yadda ta kaya da ni.

Shekarar da na fara yin rabin Ironman, wato iyo kilomita 1.9, keke 90, gudu 21.1, ko sati ban huta ba na koma gudu kamar ana bina, wai kar jiki yai sanyi. Kafin wata guda jijiyar agarata ta kama, da safe in na sauko daga gado sai na dafa bango, na shafe wata biyu ba gudu, garin neman gira na rasa ido.

Yanzu sati biyun farko ba na komai sai tafiya a ƙafa da barci. E numfashi zai ɗan ragu amma shi yana dawowa da wuri, jijiyoyi da gaɓoɓi su ne masu nawar warkewa.

Daga nan sai ka dubi wanne ne cikin ukun ke ba ka kunya, shi za ka ba lokaci. Ni iyo ne, kuma iyo dabara ce tun kafin ƙarfi, kana iya dukan ruwa har ka galabaita wani siriri ya wuce ka yana shaƙatawa. Na koma shiga ruwa sau huɗu a sati, rabin awa rabin awa, maimakon dogon zango sau biyu, na sa aka ɗauke ni bidiyo da waya, wallahi da na gani sai da na yi dariya, ashe kaina nake ɗagawa in zan sha iska shi ya sa ƙafafuna ke nutsewa. Gyara wannan kaɗai ya rage min lokaci fiye da duk wahalar da na sha a baya.

Ɗaga ƙarfe sau biyu a sati, tsugunno da nauyi da ɗaga dunduniya a bakin matakala. Keke da gudu kuma a hankali, irin saurin da za ka iya hira ba haki, mai zafin sau ɗaya a sati ya isa. Atisayen sauka daga keke a kama gudu nan take, ni sai saura kamar sati takwas gasa nake dawo da shi.