Amsa: Kerkeci nawa zan saka wa sababbin 'yan wasa?

Ɗan'uwa, ka ce kana jagorantar wasan labari da ake yi da ɗan lido mai suna Dungeons & Dragons, jarumanka huɗu suna matakin farko, kana so kerkecin dajin arewacin Amurka ya tare su a hanya, kuma kana tambayar guda nawa za ka saka. Saka uku. Huɗu na iya kashe wani.

A bugu na biyar na dokokin wasan, na 2014, ba a ware wa wannan kerkeci shafi na daban ba, na kerkeci kawai za ka ɗauka: ƙarfin rai (makin da in ya ƙare an kwanta) 11, kariya (lambar da sai hari ya kai ta kafin ya same shi) 13, tafiyar ƙafa 40 a kowane zagaye, cizonsa kuma yakan cire kusan 7 daga ƙarfin rai. Mai sihiri a matakin farko da ƙyar ƙarfin ransa yake haura 8, cizo biyu ya kwanta.

Haɗarin yana cikin taronsu. In kerkeci ya kai hari kuma ɗan'uwansa na kusa da wanda yake hari, za ka jefa ɗan lido mai fuska 20 sau biyu ka ɗauki babba. Wanda aka ciza kuma, in bai kai 11 a jifan ɗan lido na gwajin ƙarfi ba, ya faɗi ƙasa, tashi kuma zai cinye rabin tafiyarsa.

Don Allah kada ka sa su yi faɗa har mutuwa. Garken kerkeci na gaske iyali ne, uwa da uba da 'ya'yansu, abinci suke nema. Su fara da kuka daga nesa, su bi sawu, su auka wa dokin kaya ko wanda ya ware. In ɗaya ya ji mummunan rauni, sauran su ja da baya cikin bishiyoyi, su dawo da dare.