Me ƙwayoyin zinare ke yi a cikin na'urar gwaji?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa ana sa ƙwayoyin zinare ƙanana a na'urorin gano sinadarai don su hanzarta aikin. Zinare ai ko tsatsa ba ya yi, to ta yaya zai hanzarta wani abu?

Amsa: Ɗan'uwa, haka masana ma suka ɗauka shekara da shekaru. Sai a 1987 Masatake Haruta na Japan ya nuna cewa zinaren da aka mayar ƙwayoyi 'yan nanomita kaɗan yana hanzarta ƙonewar iskar kabon monoksaid mai guba ko a sanyin da ruwa ke daskarewa. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita.

Sirrin yana saman ƙwayar. A dunƙulen zinare, kusan duk atom ɗin, wato ƙananan ɓurɓushin da suka haɗu suka yi zinaren, a binne suke, ba abin da ke taɓa su. A ƙwaya mai nanomita 2, wajen rabinsu ko fiye suna waje, kuma na kan kusurwa da gefe ba su da maƙwabta isassu, sai su riƙa cafke duk sinadarin da ya matso.

Duba gwajin sukari, wanda tushensa aikin Leland Clark da Champ Lyons ne a 1962. Enzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai, na sarrafa gulukos, sukarin da ke cikin jini, ya fitar da sinadarin haidurojin feroksaid, shi kuma ya saki ilektoron, ƙwayoyin lantarki, a kan sandar lantarki. Yawan lantarkin ne ke nuna yawan sukarin. Matsalar ita ce a kan sandar filatinam sai an kai wajen bolt 0.6, kuma a nan bitamin C da farasitamol da ke cikin jini su ma suna sakin nasu, sai lissafi ya ɓaci. Idan aka shafa wa sandar ƙwayoyin da suka dace, ba lallai na zinare ba, irin na shuɗin Furusha, wani shuɗin sinadari mai ɗauke da ƙarfe, ana auna feroksaid ɗin a kusa da bolt sifili, inda waɗancan ba sa tsoma baki. A ganina wannan ya fi faɗin saman ƙwayoyin muhimmanci, ko da yake faɗin aka fi yayatawa.

Sai dai kada ka ruɗu da sakamakon ɗakin gwaji. A ruwa mai tsabta komai lafiya lau. Da an ɗiga jini, furotin ya lulluɓe ƙwayoyin, wasu kuma su manne da juna su koma dunƙule, kaifinsu ya ragu. Shi ya sa ake rufe sandar da siririn fim irin Nafion mai tace abin da zai iso gare ta.